Alkawarin tafiya: abin da Miguel Nicolelis ya cika da abin da ya rage

Ranar 12 ga Yuni, 2014, kafin Birazil da Kuroshiya su buɗe gasar cin kofin duniya a birnin Sao Paulo, an tsayar da wani matashi ɗan shekara 29 a gefen fili. Sunansa Juliano Pinto. Tun hatsarin motar da ya yi a 2006, ƙafafunsa ba su sake motsi ba. An saka shi cikin wani sulken ƙarfe mai injina a gaɓoɓi, a kansa kuma akwai hula mai ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, ga mataimaka tsaye a gefensa. Ya ƙudurta bugun a ransa, sulken ya tura ƙafar dama, ƙwallo ta ɗan gangara gaba. Masu ɗaukar hoton talabijin ba su ba abin fiye da 'yan daƙiƙoƙi ba. Wanda ya sunkuya gyaran takalmi a gidan kallo bai ma san an yi ba.

Wanda ya jagoranci wannan aiki shi ne Miguel Nicolelis, likita kuma masanin ƙwaƙwalwa, haifaffen Sao Paulo a 1961, wanda ya yi yawancin rayuwar aikinsa a Jami'ar Duke da ke Amurka. Tun daga wannan rana mutane suka rabu biyu a kansa. Wasu na ganinsa gwarzon da ya nuna wa duniya cewa shanyewar ƙafa tana da magani. Wasu kuma na cewa ɗan talla ne da ya kashe kuɗin gwamnati don a tafa masa. Ni ina ganin duk ɓangarorin biyu sun tsaya kan bugun ƙwallon, alhali shi ne abu mafi rauni a cikin duk abin da mutumin ya yi. Aikinsa na gaske ya zo kafin bugun da kuma bayansa. Laifinsa kuwa yana cikin bakinsa, wato girman alkawarin da ya ɗauka a gaban mutanen da ba su da abin riƙewa sai fata.

Sai an koma baya kafin a gane nauyin aikin. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kowacce tana aika saƙo da ɗan ƙyaftawar lantarki. Shekaru da dama masana suna soka siririyar waya guda ɗaya su saurari ƙwaya ɗaya, su rubuta abin da take yi, sannan su matsa zuwa ta gaba. Ta wannan hanya aka koyi abubuwa masu yawa. Tun 1969 Eberhard Fetz ya nuna cewa biri yana iya koyon ƙara bugun ƙwayar jijiya guda don ya sami lada. A shekarun 1980 Apostolos Georgopoulos ya nuna cewa inda hannu zai nufa yana fitowa ne daga haɗin muryoyin ƙwayoyi da yawa. Ke nan Nicolelis bai fara a fili fetal ba, kuma duk mai ba da labarinsa kamar shi ya ƙirƙiro fannin yana zaluntar waɗanda suka riga shi. Abin da ya yi shi ne nacewa. Bayan ya gama karatun likita da digirin digirgir a Jami'ar Sao Paulo, ya tafi Filadelfiya wajen John Chapin, su biyun suka duƙufa kan dasa wayoyi da yawa, sirara kamar gashi, waɗanda za su zauna cikin ƙwaƙwalwar dabba makonni da watanni tana yawonta, ana sauraron ƙwayoyi gomomi a lokaci ɗaya.

Gwajin da suka wallafa a 1999 shi ne wanda nake so kowa ya sani. An koya wa ɓeraye masu jin ƙishirwa danna wani ɗan maɓalli, idan sun danna sai wani ƙaramin hannun inji ya kawo musu ɗigon ruwa. Duk lokacin da ɓeran ya danna, kwamfuta tana rubuta yadda ƙwayoyin jijiyarsa suka yi kafin ƙafarsa ta motsa. Daga nan aka cire haɗin da ke tsakanin maɓallin da hannun injin, aka jona hannun kai tsaye da saƙon ƙwaƙwalwa. Ɓeran ya danna, maɓalli ba ya aiki, amma ruwa ya zo, domin ƙwaƙwalwarsa ta riga ta ba da umarni. Huɗu daga cikin ɓeraye shida suka iya. Abin da ya fi ɗaure kai, da tafiya ta yi tafiya wasunsu suka daina wahalar da ƙafarsu. Sun gano cewa niyya kaɗai ta isa ta kawo ruwa.

A 2000 aka maimaita da wata ƙaramar biranya mai suna Belle, aka tura saƙon ƙwaƙwalwarta ta intanet daga Duke zuwa wani ɗakin gwaji a jami'ar MIT, tazarar kusan kilomita 1,000, hannun inji a can yana bin motsin hannunta. A 2003 sai ga Aurora, wata biranya da aka koya wa wasa a allon kwamfuta da sandar sarrafawa. Da aka ɗauke sandar, da farko ta ci gaba da kaɗa hannu a iska. Daga baya ta sauke hannun ta bar shi, hannun inji kuma ya ci gaba da miƙawa yana damƙa. Da suka duba ƙwayoyin jijiyarta, sai suka ga wasunsu sun sauya hali, sun fara bin motsin hannun injin kamar wani sashe ne na jikinta. A ganina wannan shi ne babban abin da Nicolelis ya bar wa fannin: hujjar cewa ƙwaƙwalwa ba ta tsaya ana karanta ta kawai ba, ita ma tana koyon na'urar, tana faɗaɗa taswirar jikinta ta shigar da baƙon abu. Duk wanda a yau yake dasa wa mai shanyewar jiki na'ura yana dogaro da wannan hali na ƙwaƙwalwa, ko ya ambaci Nicolelis ko bai ambata ba.

Daga nan gwaje-gwajen suka fara ɗaukar kamannin baje koli. A 2008 wata biranya, Idoya, ta yi tafiya a kan injin motsa jiki a Amurka, mutum-mutumi a birnin Kyoto na Japan yana taka ƙafa da saƙon ƙwaƙwalwarta. A 2013 aka haɗa ƙwaƙwalwar ɓera da ke Birazil da ta wani da ke Amurka. Akwai ilimi a cikinsu, ba na musu. Amma nisan da ake ƙarawa kowane karo bai ƙara wa gwajin wata hujja ba, saƙon da ya ƙetare ɗaki zai ƙetare teku in dai akwai intanet. Nisan na 'yan jarida ne. Mutumin ya gano cewa labari mai ƙayatarwa yana jawo kuɗin bincike, kuma wanda ya taɓa neman tallafin bincike ba zai yi saurin jifansa ba. Sai dai hanyar tana da santsi, kuma ita ce ta kai shi filin ƙwallo.

Shekaru kafin gasar, Nicolelis ya riƙa faɗa a bainar jama'a cewa mai shanyayyun ƙafafu zai miƙe, ya taka zuwa cikin fili, ya buga ƙwallon farko. Hukumar Finep ta gwamnatin Birazil, mai tallafa wa bincike, ta zuba kusan real miliyan 33 na kuɗin ƙasar, masana sama da 150 daga ƙasashe daban-daban suka shiga. Ranar gasa ba ta matsawa, shi kuwa bincike ba ya bin kalandar FIFA. Da lokaci ya ƙure, wayoyin da ake dasawa cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda a kansu ya gina sunansa, ba su shiga aikin ba, aka koma ga hular da ake ɗorawa a fatar kai. Bambancin biyun yana da girma. Mai hula kamar wanda ya tsaya ne a bayan katangar gidan biki: daga guɗa zai gane amarya ta iso, amma ba zai ji abin da kowace mace ke faɗa ba. Hular tana iya gane cewa mutum yana nufin fara tafiya ko tsayawa, sauran aikin, lanƙwasa gwiwa da daidaita taku, kwamfutar sulken ce ke yi. Juliano bai taka zuwa tsakiyar fili ba. Ya tsaya a gefe ya yi bugu ɗaya. Nicolelis ya ce saurayin ya shaida musu cewa ya ji taɓin ƙwallon, ta hanyar wata fatar roba mai na'urori a tafin sulken da ke aika girgiza zuwa hannunsa, kuma na yarda wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya shekara takwas bai ji ƙafarsa ba. Amma ba shi aka yi wa duniya alkawari ba.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, ai masu kimiyya kullum suna zuzuta aikinsu. Abin damuwar yana kwance a gadon asibiti. Wanda ya taɓa jinyar mai karayar ƙashin baya ya san yadda kwanakin suke. Ana juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya huda masa ƙugu. Ana sa masa robar fitsari, ana fargabar zazzaɓin da ke biyo bayanta. Bayan gida ma sai an taimaka. Matarsa ko ƙaninsa sun bar sana'a sun tare a gefensa. A Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da takwarorinsa, irin waɗannan marasa lafiya ba baƙi ba ne, daga hatsarin babur, daga kifewar mota, daga faɗowa daga bishiya ko gini. Mutumin da ke cikin wannan hali, da danginsa, duk wata kalma da ta fito daga bakin farfesa sanye da farar riga suna ɗaukarta da hannu biyu. Akan sayar da gona a tafi ƙasar waje neman maganin da aka ji a rediyo. Idan babban masani ya ce shekara kaza za a yi tafiya, to ya ci bashi daga fatan waɗannan mutane, kuma ba shi ne zai zauna da su ba ranar da shekarar ta zo ta wuce. Alkawari kaya ne, wannan kuwa a kan marasa ƙarfi aka ɗora shi.

Abin da ya hana ni shiga sahun masu watsi da shi gaba ɗaya ya fito ne a watan Agusta na 2016, ba tare da ganga ba. Don a shirya wa bikin, an ɗauki mutum takwas masu shanyewar ƙafafu, wasunsu shekara uku da rauni, wasu har goma sha uku. An sa su horo na tsawon shekara guda. Suna sa hular, suna sa tabarau mai nuna musu jikin kwamfuta yana tafiya, suna ƙoƙarin tafiyar da shi da tunani, suna jin girgiza a hannu duk lokacin da ƙafar ta taɓa ƙasa. Daga nan a rataye su da maɗauri a kan injin tafiya, daga baya su shiga sulken. Ba wanda ya shirya warkar da su, koyon tuƙa na'ura aka sa a gaba. Amma da likitoci suka sake auna su, dukkansu sun fara jin taɓi ko zafi a wasu sassan da suka daɗe a mace, kuma wasu tsokoki a ƙasan raunin sun fara amsa kira. Huɗu daga cikin takwas ɗin aka sauya musu matsayi zuwa shanyewar da ba ta cika ba. Wata mata da ta shekara 13 a keke ta iya motsa ƙafafunta da kanta tana rataye a maɗauri. Wasu sun sami sauƙi wajen riƙe bayan gida, kuma duk wanda ya yi jinya ya san wannan kaɗai yana iya mayar wa mutum da mutuncinsa har ya sake fita cikin jama'a.

Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, ko a raunin da likita ya kira cikakke, sau da yawa akan sami 'yan zaruruwan jijiya da suka tsira a cikin laka, suna nan shiru shekara da shekaru saboda ƙwaƙwalwa ta shafe ƙafafun daga lissafinta. Horon ya tilasta mata ta sake tuna su. Wannan darasin Aurora ne ya dawo ta wata ƙofa. Dole kuma a faɗi rauninsa: mutum takwas sun yi kaɗan, kuma ba a ware wani rukuni da aka ba gashi da motsa jiki kaɗai ba don a kwatanta. Saboda haka ba a tantance nawa ne aikin hular, nawa ne aikin tsayuwa da takawa na watanni ba. Wannan tambaya ita ce ta cancanci miliyoyin, tun kafin a yi zancen fili da 'yan kallo.

A 'yan shekarun nan Nicolelis ya zama ɗaya daga cikin masu sukar kamfanin Neuralink na Elon Musk, mai dasa na'ura a ƙwaƙwalwa, da kakkausar murya. Lokacin da kamfanin ya nuna biri yana wasan kwamfuta da tunani a 2021, ya tuna wa mutane cewa ɗakin gwajinsa ya yi irin haka tun farkon shekarun 2000, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, Max Hodak, a ɗakin nasa ya yi koyo. Matsayinsa yanzu shi ne mafi yawan marasa lafiya ba sa buƙatar a buɗe musu ƙoƙon kai. Masu dasawa suna da amsa mai ƙarfi. A 2011 Cathy Hutchinson, wadda ta yi shekaru kusan 15 ba ta iya motsa hannu, ta ɗauki gorar kofi ta sha da hannun inji a gwajin BrainGate na dasa wayoyi a ƙwaƙwalwa. A 2023 masana a Stanford da San Faransisko suka mayar da ƙoƙarin magana na mata biyu da suka rasa murya zuwa kalmomi sama da 60 a minti ɗaya. A shekarar dai, a birnin Lausanne na Suwizalan, wani ɗan Holan mai suna Gert-Jan Oskam ya yi tafiya da na'urar da ta haɗa ƙwaƙwalwarsa da lakarsa. Babu hular da za ta yi waɗannan. Ga wanda jikinsa ya kulle gaba ɗaya, tiyatar tana iya zama ita ce ƙofa ɗaya tilo.

Duk da haka, idan ana maganar yawan jama'a, ina tare da Nicolelis. Na'urar da aka dasa tana buƙatar likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, da injiniya a kusa, da kamfanin da zai rayu muddin mai ita yana raye. Wayoyin kan motsa ko tabo ya lulluɓe su, kamar yadda da yawa daga zaruruwan da aka dasa wa Noland Arbaugh, mutum na farko da Neuralink ya yi wa aiki a Janairun 2024, suka ja baya cikin makonni. Akwai kuma darasin kamfanin Second Sight, wanda ya dasa wa makafi sama da 350 na'urar gani a ido, sannan ya daina ƙera ta a 2019, ya bar mutane da ƙarfe a jiki ba tabbacin mai gyara. Hula kuwa ana cirewa a ajiye. Idan har ya tabbata cewa horo da hula da tabarau yana farfaɗo da jijiya, to wannan magani ne da ɗakin gashi na asibitin koyarwa a Recife ta Birazil ko Zariya ko Yamai zai iya ɗauka wata rana. Dasawa kuwa za ta daɗe tana hannun 'yan tsiraru.

Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da jaridun waje ba su cika kulawa da shi ba, ni kuwa shi ya fi taɓa ni. A farkon shekarun 2000, yana kan ganiyarsa a Amurka, ya yanke shawarar kafa cibiyar binciken ƙwaƙwalwa a Birazil. Bai kai ta Sao Paulo ko Rio ba, inda kuɗi da manyan jami'o'i suke. Ya kai ta Natal da wani gari kusa da shi mai suna Macaiba, a arewa maso gabashin ƙasar, yankin fari da talauci da mutanen kudu suka saba yi wa kallon raini. Bai tsaya ga ɗakin gwaji ba. Aka buɗe makarantun kimiyya inda yaran makarantun gwamnati ke zuwa su taɓa kayan gwaji da hannunsu, aka buɗe cibiyar kula da mata masu juna biyu, da hujjar cewa ƙwaƙwalwar da za ta yi kimiyya gobe tun a ciki ake fara gina ta. Ɗan arewacin Nijeriya ba ya buƙatar a fassara masa ma'anar wannan zaɓi. Mun san yadda ake cewa a bari sai an gama da yunwa da zazzaɓi kafin a yi zancen bincike, kamar dai masu yunwar ba su da 'ya'ya masu kaifin basira.

A nan ma halin nasa ya biyo shi. A 2011 wasu daga cikin manyan masanan da suka taya shi kafa cibiyar, ciki har da Sidarta Ribeiro, suka raba gari da shi bayan saɓani kan yadda ake tafiyar da ita da yadda ake amfani da kayan aiki, suka koma jami'ar tarayya ta jihar suka kafa tasu. Katafaren harabar da aka tsara a Macaiba ta ɗauki shekaru fiye da yadda aka faɗa. Cibiyar tana nan, tana yaye ɗalibai a fannin haɗa injiniyanci da ilimin ƙwaƙwalwa, yankin kuma ya tashi da cibiyoyi biyu maimakon ɗaya. Amma rabuwar ta nuna haɗarin gina ma'aikata a kan sunan mutum ɗaya, wanda ƙafarsa ɗaya ke gida ɗaya ke ƙetare, kuma shi kaɗai ke da kunnen masu mulki.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin irin wannan yunƙuri ya fara a wajenmu. A 2021 aka buɗe cibiyar bincike da horo ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, bisa jagorancin Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa ɗan jihar da ke aiki a Jami'ar Sussex ta Ingila. Ina yi mata fatan alheri da zuciya ɗaya, kuma saboda haka nake so gwamnatocinmu su karanta tarihin Natal tun yanzu. Kuɗin irin wannan cibiya ya kamata ya shiga kasafin kuɗi a matsayin doka, yadda sauyin gwamna ba zai taɓa shi ba. A ba matasan masanan da ke zaune a wurin kullum iko kan kayan aiki da kan abin da za a bincika. A biya kuɗin wutar da ke riƙe firjin ajiyar samfura da albashin mai gyaran na'ura kafin a biya na bikin buɗewa. Kuma idan ɗan jarida ya tambayi shugaban cibiya yaushe za a sami magani, kada kowa ya matsa masa ya ambaci shekara.